Yadda Ake Zaɓen Gam da Abin Liƙe Kafa Domin Sauya Tagogin Ɗakin Jirgin Ruwa Mai Filafilai

Tagar ɗakin jirgin ruwa mai filafilai tana shan wahalar da tagar gida ba ta san ta ba. Jikin jirgin yana ɗan murɗewa duk lokacin da igiyar ruwa ta buge shi, wayoyin da ke riƙe da jigon filafilai suna jan rufin ɗakin, rana tana gasa tagar da tsaka, da dare kuma raɓa da iskar teku su sanyaya ta. Saboda haka idan taga ta soma yoyo shekara ɗaya ko biyu bayan an sauya ta, da wuya laifin ya kasance na allon tagar. Galibi an zaɓi gam ɗin da bai dace ba ne, ko kuma an matse gam mai kyau har ya koma siriri. Mutane da yawa suna shiga wannan aiki suna cigiyar gam mafi ƙarfi, alhali abin da tagar take buƙata shi ne gam mai miƙewa ya koma yadda yake, wanda aka bar masa isasshen kauri. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko: a gane irin tagar da yadda aka kafa ta

Kafin a sayi komai, sai a amsa tambayoyi biyu: da me aka yi allon tagar, kuma mene ne yake riƙe da shi a jikin ɗakin?

Allon iri uku ne. Akwai akirilik, wanda aka fi sani da sunan Plexiglas ko Perspex, kuma shi ya fi yawa a ƙananan jirage saboda yana jure rana shekaru da dama ba tare da ya yi rawaya ba. Idan za a sayi sabo, a nemi wanda aka zuba a mazubi, ba wanda aka matso ta inji ba, domin na biyun ya fi saurin yin ƙananan tsage-tsage idan sinadari ya taɓa shi. Akwai folikabonet, irin su Lexan da Makrolon, wanda ya fi akirilik jure duka nesa ba kusa ba, amma yana saurin ƙarcewa, kuma rana tana dusashe shi idan ba a shafa masa kariya ba. Wannan kariyar kuwa takan hana gam kamawa, sai an kankare ta a gefen da za a manna. Na uku shi ne gilashi mai tauri da aka gasa, wanda ba a iya yanka shi ko huda shi bayan an gasa, don haka dole a yi odarsa da ainihin girmansa.

Kafawa kuma iri biyu ce. Ko dai allon yana cikin firam na alminiyam ko na bakin ƙarfe wanda aka ɗaure da sukurori, ko kuma an ɗora shi kai tsaye a kan jikin ɗakin babu firam. A hanya ta farko sukurori ne ke ɗauke da nauyi, abin da za a sa a tsakani aikinsa hana ruwa shiga ne kawai. A hanya ta biyu gam ɗin shi ne sukuru, shi ne kuma mai tsare ruwa, don haka kuskure a zaɓensa ba yoyo kaɗai yake jawowa ba, yana iya sa taga ta ɓalle a tsakiyar teku. Wanda yake niyyar tafiya mai nisa daga gaɓa ya kamata ya duba ƙa'idar ISO 12216, wadda ta tsara ƙarfin tagogi da ƙofofin ƙananan jirage, kafin ya rage kaurin allo ko ya watsar da firam ɗin da masu ƙera jirgin suka sa.

Mataki na biyu: a yi lissafin motsin tagar

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Akirilik yana ƙara tsawo da kusan milimita 0.07 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri 1 na ma'aunin Salshiyos, folikabonet ma kusan haka yake. Faibagilas da alminiyam, waɗanda su ne jikin yawancin ɗakunan jirage, suna buɗewa da kusan kashi ɗaya bisa uku na wannan. A ɗauki taga mai tsawon mita 1, mai duhun launi, wadda bambancin zafinta tsakanin asubahin sanyi da tsakar rana ya kai digiri 40. Allon zai ƙara tsawo da milimita 2.8, jikin ɗakin kuma ya ƙara kusan milimita 1, wato saura kusan milimita 2 da za a raba tsakanin ƙarshen tagar biyu, kowane gefe kusan milimita 1.

Milimita 1 kamar ba komai ba ne, amma a duba abin da yake yi wa gam. Idan kaurin gam ɗin rabin milimita ne, wannan motsi ya ninka kaurinsa sau biyu, kuma haka zai yi ta faruwa kowace rana har ya yage ko ya saki. Idan kaurinsa milimita 4 ne, motsin bai wuce rubu'in kaurin ba, abin da gam mai laushi zai jure shekara da shekaru. Shi ya sa doguwar taga ta fi gajera buƙatar kaurin gam, kuma shi ya sa wasu maƙera suke raba doguwar taga gida biyu su bar ɗan tazara a tsakani. Gilashi shi kam motsinsa kaɗan ne, bai kai ko na faibagilas ba, don haka wannan matsala ba ta dame shi sosai ba.

Mataki na uku: a fitar da waɗanda ba su dace ba

Abu na farko da za a kawar shi ne 3M 5200 da makamantansa. Gam ne na foliyuretan mai kyau ƙwarai a inda ya dace, kamar haɗa jikin jirgi da benensa, amma an yi shi ne don abin da ba za a sake rabawa ba. A kan taga ta roba ba ya ba da sassaucin da ake buƙata, kuma ranar da za a cire tagar sai ya taho da fatar jelkot, wato santsin shafen da ke rufe faibagilas na jikin jirgin daga waje. Na biyu shi ne folisalfaid, wanda ya shahara wajen liƙe katako da ƙarfe, amma sinadaran cikinsa suna cutar da akirilik da folikabonet. Na uku shi ne silikon na banɗaki, mai warin ruwan tsami lokacin da yake bushewa. Riƙonsa a kan roba ba shi da ƙarfi, yana cin wasu ƙarafa, sannan yana barin maiƙon da zai wahalar da duk wanda zai gyara wurin nan gaba. Gam ɗin ifoksi kuwa ba ya cikin lissafi tun farko, domin yana daskarewa kamar dutse.

Akwai kuma gam na zamani da ake kira MS folima. Wasunsu suna aiki a kan akirilik, wasu kuma suna sa shi tsagewa, don haka ba a yi musu hukunci ɗaya. Sai takardar bayanin kamfanin ta ambaci akirilik ko folikabonet da suna kafin a amince.

Mataki na huɗu: a zaɓi hanyar da ta dace da tagar

Idan tagar mai firam ce da sukurori, tef na butil shi ne zaɓin da ya fi sauƙi kuma ya fi daɗewa. Butil ba ya bushewa har abada, yana nan da danƙonsa, yana bin motsin firam ɗin, kuma idan an so cirewa bayan shekaru sai a ɗaga firam a goge. Sai dai a tuna cewa shi ba gam ba ne, ba ya riƙe nauyi, don haka ba a amfani da shi inda babu sukuru. Tsakanin allon da cikin firam ɗin kuma, ko dai a sa sabuwar robar da aka yi domin wurin, ko a cika da silikon marar tsami.

Idan tagar ba ta da firam, zaɓi uku ne a gaban mai aiki.

Na farko silikon na gini marar tsami, wanda mafi shahararsa a wannan aiki shi ne DOWSIL 795, da ake kira Dow Corning 795 a da. An yi shi ne domin manna gilasan dogayen gine-gine, yana jure motsin da ya kai rabin faɗin haɗin, kuma babbar falalarsa ita ce hasken rana ba ya lalata shi, ko da ya ratso ta cikin allon. Aibinsa biyu ne: yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya kama sosai, kuma fenti ba ya zama a kansa.

Na biyu Sikaflex-295 UV, foliyuretan da aka haɗa musamman domin tagogin akirilik da folikabonet. Riƙonsa yana da ƙarfi, amma ba ya aiki shi kaɗai. Dole a bi tsarin kamfanin gaba ɗaya, wato a ɗan goge gefen allon da soson kankara mai laushi, a shafa sinadarin share fage, sannan a shafa baƙin faraima, wato shafen farko da ke taimaka wa gam kamawa, irin Sika Primer-209 D, a bar kowanne ya sha iska gwargwadon lokacin da aka rubuta. Bugu da ƙari, fuskar da gam ya haɗu da allon tana buƙatar kariya daga hasken rana, ta hanyar baƙin layi marar ratsuwa a gefen tagar ko wani marufi daga waje. Yawancin tagogin da suka saki bayan an manna su da wannan gam, idan aka bincika, za a tarar an tsallake ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa. Wanda tagarsa ta gilashi ce kuma yana son kayan wannan kamfani, Sikaflex-296 shi ne nasa.

Na uku, wanda ni na fi karkata gare shi ga mai aiki shi kaɗai, shi ne haɗa tef mai manne fuska biyu na 3M VHB da silikon ɗin da aka ambata. Tef ɗin yana riƙe tagar nan take, yana kuma tabbatar da kauri iri ɗaya ko'ina, silikon kuma ya zagaye gefe ya tsare ruwa. A nan ma kauri ne abin lura: lamba 5952 kaurinsa milimita 1.1 ne, lamba 4991 kuma milimita 2.3, kuma ƙa'idar kamfanin ita ce tef yana jure motsin gefe da ya kai ninki uku na kaurinsa. Ga doguwar taga mai kaurin ya fi ba da kwanciyar hankali, musamman da yake jikin ɗakin jirgi ba safai yake zama sumul ba, kuma siririn tef ba ya cike kwari. Haɗarin wannan hanya ɗaya ne, kuma babba ne: da zarar tef ya taɓa jikin jirgin, babu damar gyara zama.

Wani abu da ke iya sauya zaɓin shi ne lanƙwasar jikin ɗakin. Allon da aka tanƙwara da ƙarfi kullum yana ƙoƙarin miƙewa, yana jan gam ɗin a ƙarshensa biyu dare da rana. Idan lanƙwasar kaɗan ce, gam zai riƙe. Idan ta yi yawa, ya fi kyau a kai allon a lanƙwasa shi da zafi, ko a ƙara sukurori kaɗan a ƙarshen. Duk ramin da za a huda a akirilik ya zama ya fi sukurun faɗi sosai domin allon ya samu wurin motsi, ya yi nisa da baki, a sa wosha a ƙarƙashin kan sukurun, kuma kada a yi amfani da sukuru mai kai mai nutsewa, domin yana aiki kamar tsinken tsaga itace.

Mataki na biyar: gwaji da lissafin yawan kaya

Kafin ranar aiki, a ɗauki guntun allon da ya rage, a shirya shi daidai yadda za a shirya tagar, a zuba masa layin gam, a yi haka kuma a wani ɓoyayyen wuri a jikin jelkot. Bayan mako guda a kama bakin layin a ja. Idan gam ɗin ya yage a tsakiyarsa ya bar saura manne a jikin allon, ya kama yadda ake so. Idan ya ɓare tas kamar ɓawon ayaba, akwai matsala a tsaftacewa ko a zaɓin gam, kuma gara a gano ta a kan guntu da a gano ta a kan taga shida.

Lissafin yawa ba shi da wuya. Layi mai faɗin milimita 25 da kaurin milimita 4 yana cin mililita 100 a kowace mita, wato kwanson gam ɗaya mai mililita 300 zai kai mita 3. Taga mai tsawon santimita 90 da tsayin santimita 25 kewayenta ya kai mita 2.3, don haka kusan kwanso guda take ci idan an haɗa da abin da zai zube. A sayi ƙari, a kuma duba ranar ƙarewar wa'adi, domin tsohon silikon yakan ƙi bushewa gaba ɗaya. Sabon allon kuma a yanka shi ya zarce ramin tagar da aƙalla milimita 25 ta kowane gefe, fiye da haka idan za a haɗa tef da silikon.

Mataki na shida: cire tsohuwar taga da tsaftace wurin

A yanke tsohon gam da siririyar waya ko wuƙa mai lanƙwasa, a ajiye tsohon allon domin ya zama abin awon sabon. Daga nan sai aikin da ya fi cin lokaci, wato cire ragowar gam har sai babu alamarsa. Idan silikon ne aka sa a da, a kankare shi da abin kankara na roba, a bi da sinadarin cire silikon, kuma kada a taɓa sa sanfefa kafin wannan, domin sanfefa tana tura maiƙon cikin jelkot ne maimakon ta cire shi. Hanyar ganewa ita ce a yayyafa ruwa: idan ya dunƙule ɗigo-ɗigo, maiƙo yana nan, idan ya bazu ya kwanta, wurin ya tsarkaka. Sai a lokacin ne za a ɗan goga sanfefa mai laushi a share ƙurar.

A nan ne kuma ya kamata a leƙa bakin ramin tagar. Jirage da yawa suna da katakon balsa ko soso tsakanin fatun faibagilas biyu, kuma tsohon yoyo yakan riga ya jiƙa shi. Idan ya ruɓe, a ƙwaƙule shi, a bar wurin ya bushe, a cike da ifoksi mai kauri kafin a ci gaba.

Game da abin gogewa, asiton yana da amfani a kan jelkot, amma ko ɗigo ɗaya kada ya taɓa akirilik ko folikabonet, haka ma ruwan goge gilashi mai amoniya. Domin tef na VHB, abin da ake amfani da shi shi ne alkohol na isofurofil da aka gauraya da ruwa rabi da rabi, a goga sau ɗaya da tsumma mai tsabta, a bar shi ya bushe. Wanda ya zaɓi foliyuretan ya kiyaye alkohol kusa da ɗanyen gam, domin yana hana shi bushewa.

Mataki na bakwai: mannawa

A zaɓi rana busasshiya mai matsakaicin zafi, tsakanin digiri 15 da 30, kuma a yi aikin a inuwa. Dalilin ba jin daɗin mai aiki kaɗai ba ne: allon da aka manna yana da zafi ya riga ya buɗe iyakar buɗewarsa, don haka duk motsinsa na gaba zai zama ja ta gefe ɗaya. A fara ɗora allon babu gam, a daidaita shi, a zana iyakarsa, a kafa ƙananan katakai biyu a ƙasa da zai zauna a kansu. A liƙa tef na takarda a jikin ɗakin kewaye da layin, a kuma bar takardar kariya ta allon a wurinta, a yanke gefen da gam zai taɓa kawai.

Idan gam zalla za a yi amfani da shi, a manna ƙananan robobin tazara masu kaurin da aka lissafa, masu laushi kamar gam ɗin kansa idan ya bushe, a zuba layi mai tudu wanda bai yanke ko'ina ba, a ɗora allon a danna a hankali har ya zauna a kan robobin, kada a wuce nan. Silikon yana ba da kimanin minti 20 zuwa 30 na aiki, don haka taga ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ta biyu. A tokare allon da sanduna ko a ɗaure shi da tef mai ƙarfi domin kada ya zame.

Idan da tef na VHB ne, a liƙa shi kewaye da bakin ramin, a bar kamar milimita 10 daga bakin allon domin silikon, a ɗan ɓare kusurwoyin takardar bayansa a lanƙwaso su waje, a daidaita allon a kan katakan, sannan a zare takardar a hankali. A danna ko'ina da ƙarfi da abin birgima, domin wannan tef matsi ne yake sa shi kamawa. Yana kai rabin ƙarfinsa cikin minti 20, ya cika bayan awa 72. Daga nan a tura silikon cikin tazarar gefe har ya cika babu kumfar iska, a lallaɓa shi da abin shafawa, a cire tef na takarda tun gam yana ɗanye.

Firam mai butil kuwa, a ɗan faɗaɗa bakin kowane ramin sukuru a jikin jelkot domin butil ya taru a wurin ya zama zobe, a naɗa ɗan kaɗan a wuyan sukurun, a riƙe kan sukurun kada ya juya a ɗaure noti daga ciki. Ba a ɗaurewa gaba ɗaya a rana guda. Ana ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu ko uku yayin da butil yake fitowa ta gefe, sannan a ɗebe abin da ya fito.

Mataki na takwas: jira da gwajin ruwa

Silikon da foliyuretan duka da danshin iska suke bushewa, daga waje zuwa ciki, milimita kaɗan a kowace rana, don haka fatar da ta bushe a sama ba shaida ba ce cewa cikin ya nuna. DOWSIL 795 yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya bushe, cikakken riƙonsa kuma sai bayan kwana 14 zuwa 21, kuma a yanayin sanyi ko bushewar iska lokacin yana ƙaruwa. A bar sandunan tokara aƙalla mako guda idan babu tef ko sukuru, kuma kada a fita da jirgin cikin igiyar ruwa kafin wa'adin ya cika. Bayan haka mutum ɗaya ya zauna a ciki da tocila da busasshen tsumma, wani kuma ya riƙa zuba ruwa da tiyo daga waje, ya fara daga ƙasan tagar ya hau sama sannu a hankali, yana tsayawa minti biyu ko uku a kowane gefe, domin idan ɗigo ya bayyana a san ainihin inda ya shigo.